Tabon da ke Wuyan Harouna Kafinta

Duk wanda ya zauna a layinmu na Manfuha, a birnin Riyadh, ya san ba a buƙatar agogo muddin Harouna kafinta yana gari. Da an sallame sallar asuba zai biya wurin mai burodi ya ɗauko tamis mai zafi guda biyu, ɗaya na gidansa, ɗaya na duk wanda ya tarar a bakin layi bai karya ba. Daga nan sai ka ji ƙarar ƙofar ƙarfen shagonsa tana naɗewa sama, sai ƙamshin katako ya biyo baya. Shagona na ɗinki yana kallon nasa, fiye da shekara ashirin ke nan. Ni Idrisu tela, ina iya rantsuwa ban taɓa ganin ya ɗaga murya ga kowa ba, har da masu kawo masa kujerar da ta riga ta mutu su ce ya tashe ta.

Mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, ba shi da yawan magana. A iƙamarsa, wato katin izinin zama, an rubuta kafinta, mu ma haka muka san shi. Yaran da ke zuwa daga Maradi ko Katsina da jaka ɗaya a hannu, shi ke haɗa musu gado da guntayen katakon da masu aiki suka bari. Lokacin da ɗaya daga cikinsu, Bachir, ya faɗo daga bene a wurin aikin gini na Dir'iyya ya karye a cinya, Harouna ne ya sassaƙa masa sandar dogarawa, ya naɗe kanta da tsumma don kada ta ci masa hammata, ya riƙa zuwa yana rage mata tsawo har ta zauna masa daidai. Babu gidan haya a layin nan da ƙofarsa ba ta taɓa shan hannunsa ba. In ka ce za ka biya, sai ya ce, "Mafi mushkila, wani jiƙon," wani jiƙon kuma ba ya zuwa.

Abu biyu ne kawai muka sani game da shi da ba mu gane kansu ba. Na farko, da an yi azahar zai rufe shago ya haye gida, kuma ko kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ne ya zo da kansa ba zai sauko ba sai la'asar. Muka ce mutumin yana son barcin rana. Na biyu, akwai wani baƙin tabo a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu, mai kauri, kamar inda wuyan riga ya daɗe yana goga. Na taɓa tambayarsa ina auna masa jallabiya, ya ce ƙaho aka yi masa yana yaro. Na ce wanzamin da ya kafa ƙaho a nan ai yanka ka ya so yi, Allah ya kiyaye. Ya yi dariya, na yi dariya, aka wuce wurin.

Wata mai kamawa Harouna zai koma gida gaba ɗaya. An buga masa bizar fita ta ƙarshe, ya fara raba kayan aikinsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta wani abu a kansa tun yana kusa. Amma in faɗa muku gaskiya, da kunya nake rubutun nan. Ina jin kunya a madadin dukanmu mazan layin nan, domin mun zauna da wannan bawan Allah shekara da shekaru, muna cin tamis ɗinsa, bai ga ko mutum ɗaya a cikinmu da zai iya gaya wa ko shi wane ne ba.

Ga abin da muka sani yanzu, daga bakinsa da bakin matarsa Sahadatou.

Mahaifinsa Oumarou mai goge ne a Damagaram. Harouna ya tashi yana riƙe masa ƙaro, yana shafa wa izga, tun bai kai ya riƙe gogen ba. A lakwal, wato makarantar boko, akwai wani mushe, malami Bature, mai irin gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, wanda Larabawa ke kira kamanja. Wata rana ya bar ta a kan tebur ya fita, ya dawo ya tarar da ɗan Oumarou ya dafe ta a cinya yadda ake dafe goge, yana fitar da waƙar da ya ji shi yana kaɗawa da safe, ba kuskure. Maimakon bulala, mushen ya kama hannunsa har gaban ubansa. Daga nan aka kai shi Yamai, daga Yamai aka samo masa gurbi a wata makarantar kiɗa a Alƙahira.

Ya ce shekarar farko kuka ya yi ta yi. Malaminsa wani tsoho ne mai zafin rai, yana dukan wuyan hannunsa da fensir duk lokacin da ya riƙe baka irin riƙon ubansa. Tun safe har yamma yana tsaye, kamanja a wuya, har wurin ya kumbura, ya fashe, ya warke, ya zama tabon da na ce wanzami ne ya yi. Ya fara daga layin baya na makaɗa, inda ko fuskar mutum ba a gani. Ya matso, ya ƙara matsowa. Kafin ya cika shekara talatin ya zama shi ke tsayuwa a gaba shi kaɗai, makaɗa cikin babbar mota guda suna zaune a bayansa suna jiran ya ɗaga gira kafin su shiga. Ya kaɗa a Alƙahira, ya kaɗa a Tunis, ya kaɗa a manyan zaurukan Turai inda ake hana mutum ko tari har sai an gama. In ya sauke baka, jama'a kan miƙe tsaye su yi ta tafi har ya fita ya dawo, ya sake fita ya sake dawowa. Wannan fa mutumin da nake aika wa ya gyara mini ƙafar keken ɗinki ke nan.

Yana cikin wannan ɗaukaka aka aiko masa ubansa ba lafiya. Ya iso Damagaram da kwat a jikinsa, ya tarar an riga an yi wa tsohon wanka. Limamin unguwa ya aiko cewa uzuri ya taso masa. Dattawan da suka kashe takalma suna rawa a gaban gogen Oumarou lokacin samartakarsu suka zauna a zaurukansu, kowa ya ce ƙafa ke damunsa. Mutane 'yan ƙalilan suka kai shi makwanci. A hanyar dawowa Harouna ya ji wata mata tana cewa da 'yar'uwarta, "Kin ga ɗan nasa can. Shi ma sana'ar ya gada, sai dai shi Turawa yake yi wa."

Ya ce mini duk tafin da aka taɓa yi masa a duniya, a ranar ya neme shi a kunnensa ya rasa. Ya yi wa kansa alkawari ba za a taɓa nuna ɗansa da baki a ce ga jinin mai goge ba. Ya duba duniya kaf, ya zaɓi garin da a wancan zamanin ba a kiɗa a fili, inda babu mai tambayarsa. A Alƙahira ya ɗan koyi aikin katako wurin masu gyaran kayan kiɗa, sai ya riƙe wannan. Haka Riyadh ta samu kafinta.

Sai dai hannu ya ƙi mantawa. Barcin ranar nan da muke tsokanarsa da shi, ba barci ba ne. Yakan shige ƙuryar ɗaki ya rufe taga, ya ɗauko ɗan iccen nan da mata ke maƙale shanya da shi, ya dantse shi a kan jaki, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi. Da an maƙala shi muryar kamanja takan shaƙe, ta koma kamar kukan sauro. Da wannan shaƙaƙƙiyar murya mutumin da ya cika zaurukan Turai ya yi ta kaɗawa kullum, don kada maƙwabcin da bango ɗaya ya raba su ya ji.

Mu kuwa a bencin ƙofar shagona, bayan isha'i ko ranar Juma'a, hira ba ta daɗi sai an taɓa makaɗa. Wani ya ce ɗan goge ko hajji goma ya yi ba ya ba shi 'yarsa. Wani ya kwaikwayi yadda suke lanƙwasa wuya. A yi ta ƙyaƙyatawa, alhali kowannenmu wayarsa cike take da waƙoƙi, in ta yi ƙara a masallaci har rige-rigen kashewa ake yi. Harouna yakan yi murmushi, ya miƙe ya ce ya bar gam yana bushewa. Ni ba malami ba ne, ban zo ba da fatawa a kan kiɗa ba, wannan na masu ilmi ne. Abin da na sani shi ne babu littafin da ya ce a ci mutuncin mutum a gaban idonsa yana murmushi.

Asiri ya tonu ne a bara, ta dalilin aure. Harouna 'ya ɗaya Allah ya ba shi, Hajar, haifaffiyar nan, wadda Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Nu'uman ɗan Alhaji Maiwada ya nuna yana so, ita ma tana so. Alhaji Maiwada ba baƙo ba ne. Kafin kasuwancin abaya ya karɓe shi ya koma Al-Badi'a, a Manfuha yake, ƙofarsa na kallon ƙofar Harouna. Amma kun san al'adarmu. Ko kwano ɗaya kuka yi shekara ashirin kuna ci, in maganar aure ta taso sai an aika gida an binciki asali. Alhaji ya sa wani abokin cinikinsa ya shiga unguwar su Harouna a Damagaram. Tsohon farko da aka tambaya ya washe baki ya ce, "Gidan Oumarou mai goge? Wa bai san su ba! Ina ɗan nasa da ke kaɗa wa Turawa?"

Alhaji Maiwada bai ce ya fasa ba. Irinmu ba ma cewa mun fasa. Ranar kawo gaisuwa ce kawai ta fara ja da baya, yau ana jiran wani kawu, gobe kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Magana ta zaga layi, bencin shagona ya yi tsit duk lokacin da Harouna ya gifta. Hajar ta rame. Nu'uman ya yi ta zarya tsakanin gida biyu kamar mai neman bashi.

Wata safiya Harouna ya tsallako shagona, ya zauna, ya daɗe yana juya almakashina a hannu.

"Malam Idrisu, alfarma na zo nema. Ka raka ni wurin Alhaji. Zan ce masa na sauka daga waliccin Hajar, kai za ka tsaya mata. Ni kuma in bar garin kafin biki, kada a ga ƙeyata. In ba a gan ni ba, za a manta."

Na ce, "Haba Harouna, 'yarka guda? Ita ta san da wannan?"

"Na gaya mata jiya."

"Ta ce me?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce, 'Baba, in ba kai ne za ka ba da ni ba, khalas, na fasa, ko da zan mutu a ɗakin nan.' Yarinya ce, ba ta san abin da ake nufi da a nuna mutum da baki ba. Ni na sani."

Na yi iya yina in hana shi, ya ƙi. Bayan la'asar muka kama hanyar Al-Badi'a.

Alhaji Maiwada ya karɓe mu a falon baƙi, aka kawo gahawa da dabino, aka yi gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da ba sa son su kai ga magana. Sannan Harouna ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Mutumin da ya girmi Alhaji, ga furfura. Ya ce, "Alhaji, abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ubana mai goge ne, ni ma na kaɗa, har gobe kuma ina kaɗawa a ɓoye. Laifina ne, ba na yarinyar ba. Ita ko riƙe abin ba ta iya ba. In ni ne matsalar, ga Malam Idrisu, shi ne ubanta daga yau."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan kofin gahawa. Alhaji ya gyara zama ya fara cewa shi ba don kansa ba ne, dangi ne a gida, ka san bakin mutane. Bai kai ƙarshe ba aka ƙwanƙwasa ƙofar da ke tsakanin falo da cikin gida. Hajiya Hansai ce, matarsa. Ba ta shigo ba, daga bayan ƙofa ta yi sallama.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ban saba sa baki a maganar maza ba. Baban Hajar, don girman Allah ka tashi daga ƙasan nan."

Alhaji ya ce, "Hajiya, muna magana ne."

"Na ji maganar, shi ya sa na zo. Ka aika har Damagaram neman abin da ni na sani tun muna Manfuha. Ka tuna Muhibba?"

Muhibba 'yarsu ce ta fari, mai ciwon sikila, ta rasu tana 'yar shekara tara. Dukanmu mun je jana'izarta.

"In ciwon ya tashi kana kasuwa. Ba ka taɓa jin ihun rana ba, na dare ka sani. Wata rana na rasa yadda zan yi, maganin asibiti ya ƙi kama ta, na saɓe ta na shiga wurin Sahadatou don kawai in ga mutum. Muna zaune sai yarinyar ta yi shiru, ta ce, 'Umma, mene ne ke kuka a ɗakin can?' Sahadatou ta tsorata, ta ce rediyo ne. Muhibba ta ce a ƙaro. Wallahi Alhaji, bawan Allahn nan ya san in na fita da maganar ya gama yawo a garin nan. Ya buɗe ƙofar, ya saki labule, ya ci gaba daga ciki. Ta yi barci a cinyata. Tun daga ranar, duk sanda abin ya motsa, can nake kai ta, har shekarar da Allah ya karɓi abarsa. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa ɗaga labulen ba. Matan benen can duk sun sani. Mun rufe ne don mun san halinku."

Ta numfasa. "Hannun da ya lallashi 'yarka tana mutuwa, shi ne yau bai isa ya ba ɗanka mata ba? To ni dai ban iya wannan butulcin ba."

Muka ji takunta ta koma ciki.

Alhaji Maiwada mutum ne mai baki, a kasuwa ba a kayar da shi. Amma ranar sai ya sauko daga kujera shi ma, ya zauna a ƙasa kusa da Harouna, hawaye na bin gemunsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Me kake kaɗa mata?"

Washegari da azahar Alhaji ya zo Manfuha da kansa, ya ce in raka shi sama. Harouna ya ɗauko kamanjar daga bayan kabad, ya maƙala iccen shanyar kamar kullum, ya kaɗa wata 'yar waƙa mai sanyi. Ya ce ta ubansa ce, da ita Oumarou ke rufe wasa in gari ya kusa wayewa, ita Muhibba ta fi so. Alhaji ya saurara har ƙarshe da kansa a ƙasa. Sannan ya miƙa hannu ya cire iccen, ya ce, "Sake."

Ni tela ne, ban san sunayen abubuwan da yatsunsa suka yi ba. Na dai san ɗakin ya yi wa muryar kaɗan. Ta fita ta taga, ta sauka layi, na leƙa na ga Bayamane mai baƙala, kantin kayan masarufi, ya fito ƙofar shago da buhun shinkafa a kafaɗa ya tsaya, ya manta da shi. Harouna ya rufe ido, haɓarsa ta zauna daidai kan tabon nan, na ga ashe wurin zamanta ne. Iccen kuwa Sahadatou ta tsince shi ta mayar kan igiyar shanya.

Harouna, yanzu da kai nake. Kai ne ka ajiye tafin duniya don kada a nuna 'yarka da baki. Kai ne ka buɗe ƙofar da ka san za ta iya kore ka daga gari, saboda kukan 'yar maƙwabci. Ka ji muna zagin ubanka a bencina ba tare da mun san shi muke zagi ba, gari ya waye ka kawo mana tamis. Mai hannu biyu, ɗaya na katako, ɗaya na tsirkiya, kuma duka biyun jama'a suka ci moriyarsu. Ka ɗauki kunyar da ba taka ba ce ka yi ta dako shekara da shekaru. Tamu ce, ka sauke mana abinmu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Muhibba, ya jiƙan mahaifinka.

Ku kuma 'yan'uwana masu zaman benci, a Manfuha kuke ko a gida, ku koyi buɗe ƙofa irin ta wannan mutum. Kafin ku yi dariyar sana'ar wani, ku dubi wanda ke zaune kusa da ku, ku lura da wanda ya miƙe ya ce gam ɗinsa na bushewa. Yanzu gari ya canza, har tallan wasannin kiɗa ake liƙawa a titunan Riyadh, wasunmu ma sun fara cewa ai su dama can sun san Harouna ba ƙaramin mutum ba ne. A'a, ba mu sani ba. Matanmu ne suka sani.

An ɗaura auren Hajar da Nu'uman a wata istiraha, gidan da ake haya don biki, da ke hanyar Dir'iyya, kuma ban zama uban kowa ba. Harouna ne ya zauna a gaba cikin jallabiyar da na ɗinka masa, na rage mata wuya da gangan. Da malamin ya zo kan sunaye ya tambaya, "Waliyyin amarya?" sai ya ce, "Harouna ɗan Oumarou." Malam ya sunkuya zai ci gaba. Harouna ya ɗaga hannu ya dakatar da shi, ya juyo ya dubi jama'a, mutanen Damagaram da na Katsina da mu 'yan benci duka, ya ɗaga muryar da ban taɓa jin ya ɗaga ba.

"Oumarou mai goge," in ji shi. "A faɗa da kyau, na baya ba su ji ba."